Gawon talaka ya fi dashen biki

Kowace ranar 3 ga Agusta manya kan fito da manyan riguna su dasa itace, kafin rani awaki sun cinye da yawa. To, wa ya farfaɗo da gonakin Maraɗi da Damagaram? Manomi ne. Tun 1983 yake barin kututture ya tofo, yana rage masa rassa, har itatuwa suka koma hekta kimanin miliyan 5. A Illela, ramukan tassa suka tare ruwa da taki a kan faƙo, hatsi ya tsaya. Kuɗin biki su koma ga mai haƙa tassa da mai kiwon gawo. In ƙasa ta zaizaye, ɗan kasuwa da ma'aikaci za su ji a farashin tiya.