Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Lafiya na Jihar Jigawa

Ranka ya daɗe,

Ina rubuto maka daga unguwar Takur a Dutse game da bayin Allah masu ciwon sukari, waɗanda larura ta wajabta musu tsira wa kansu allurar insulin a ɗakunansu safe da yamma, alhali da yawansu an miƙa musu kwalba da sirinji ba tare da an karantar da su ladubban aikin ba.

Malaman fiƙihu suna hukunta tsarkin ruwa da launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa, amma ƙwayar cuta ba ta jirkita ko ɗaya daga cikin ukun nan, shi ya sa ruwan da ya halatta alwala bai halatta a dama maganin allura da shi ba, ko da an tafasa shi. Wajibi ne mai allura ya wanke hannu da sabulu, ya goge murfin kwalbar da audugar sifirit ya bari ya bushe, ya ɗauki sabuwar allura kowane karo, ya kuma yar da buɗaɗɗiyar kwalba bayan kwana 28.

Da yake wutar lantarki ba ta da tabbas, tukunya cikin tukunya, wadda marigayi Malam Muhammad Bah Abba ya yaɗa a jihar nan har ta jawo masa lambar yabo ta Rolex a 2000, tana taimakawa wajen sanyaya magani, muddin ba a tsoma kwalbar cikin ruwa ba.

Ina roƙonka, ranka ya daɗe, ka umarci asibitocinmu kada su sallami majinyaci da allura sai ya gwada haɗa ta a gaban malamin jinya.

Wassalam.