Sanarwar Bayan Taron Direbobin Haya na Layin Birnin Kebbi da Argungu Kan Lafiyar Direba



Direbobin motocin haya da ke lodi a tashoshin Birnin Kebbi da Argungu sun yi zaman yini guda a garin Argungu, tare da masu motoci, 'yan kamasho, shugabannin tasha, da likitocin da aka gayyato. An tattauna yadda lafiyar direba ke shafar rayukan da yake ɗauke da su. Bayan likitoci sun yi bayani, 'yan'uwa kuma kowa ya tofa albarkacin bakinsa, taron ya fitar da wannan sanarwa.

ABIN DA TARON YA LURA DA SHI

1. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna haɗarin hanya na kashe mutum kusan miliyan 1.19 duk shekara. A wajenmu akan ɗora laifi kan gudu, taya da ramuka. Kullum direba sai ya duba mai, ruwa da birki kafin ya shiga layi, amma shi kansa sai ya shekara biyar ba a auna jininsa ko idonsa ba.

2. Hawan jini yakan daɗe a jiki ba alama, sai ranar da ya shanye ɓarin jiki, kuma ranar tana iya riskar mutum yana riƙe da sitiyari. Mai ciwon suga da ya sha magani ya fito bai ci abinci ba, sugansa na iya faɗuwa: zufa, makyarkyata, gani dishi-dishi, daga nan sai suma.

3. Hawan jinin ido yana cin gani ne daga gefe. Direba na ganin gabansa tar, amma ɗan kabu-kabu ko shanun da suka ɓullo daga gefen titi sai ya zo kansu. Mai yanar ido kuwa, fitilar motar da ke tahowa da dare takan rufe masa hanya, hazon hunturu kuma ya ƙara masa wahala.

4. Barci ɓarawo ne. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 22 a daƙiƙa guda, don haka gyangyaɗin daƙiƙa uku tafiya ce ta fiye da mita 60 ba mai tuƙi. Gyangyaɗin ya fi yawa a kakar shinkafa, lokutan Sallah da na bikin kamun kifi na Argungu, inda ake jera sawu dare da rana, da kuma zafin Maris da Afrilu.

5. Wasu na shan taramol don su kori gajiya, wasu maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafawa da shigowa da shi tun 2018. Ƙwaya ba ta cire gajiya, ɓoye ta take yi. Wasu magungunan mura ma suna sa barci.

6. Abin da ya fi damun taron shi ne ɓoyon ciwo. Direba na jin zazzaɓi ko jiri, amma ya san idan ya faɗa za a karɓe makulli a ba wani, ga balas, ga cefane. Muddin faɗin gaskiya na raba mutum da abincinsa, ba wanda zai kai kansa awo.

MATSAYAR DA AKA CIMMA

1. Kowane direba zai auna jini da suga duk wata shida, ido kuma sau ɗaya a shekara.

2. Wanda aka samu da ciwon da magani ke daidaitawa ba za a raba shi da mota ba. Za a ajiye masa layinsa har likita ya sallame shi, sakamakon awonsa kuma sirri ne.

3. Wanda likita ya hana tuƙi, kamar mai farfaɗiyar da ba ta lafa ba, za a nema masa wani aiki a cikin tasha.

4. Za a buɗe asusun taimakon juna daga kuɗin lodi don awo da magani.

5. Ba za a yi wa wanda ya kwana a hanya lodi ba sai ya yi barci. An hana sayar da ƙwaya a harabar tasha.

KIRA

Taron na roƙon Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kebbi ta riƙa turo ma'aikata daga Asibitin Sir Yahaya da Babban Asibitin Argungu su yi awo a cikin tasha. Yana roƙon Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta tsaurara gwajin ido wajen sabunta lasisi, hukumar NDLEA kuma ta sa ido kan masu tallar ƙwaya. Muna neman albarkar iyayenmu sarakuna na Gwandu da Argungu, da malamai su tunatar a huɗuba cewa fasinja amana ne.

Masu motoci su sassauta balas ranar da direba ba shi da lafiya. Fasinja kuma, idan ka ga direba na gyangyaɗi, ka ce ya tsaya, haƙƙinka ne. Allah Ya kai kowa gida lafiya, amin.

Sa hannu:
Shugaban Taro
Sakataren Taro