FILIN MASU MOTA: Kukan Injin Tsohuwar Fijo

Mai tsohuwar mota yakan san muryar motarsa kamar yadda makiyayi ya san kukan shanunsa. Saboda haka ranar da ya murɗa makulli da sassafe, ya ji wata ƙara mai tsini ta taso daga ƙarƙashin bonet, kamar ana wasa wuƙa a kan dutse, ba sai an gaya masa cewa ba lafiya ba. Masu iya magana kan ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. To, wajibi ne mai mota ya fahimci abin da ƙarar ke faɗi kafin ya nemi hanyar kashe ta.

Motar da za a yi misali da ita a wannan mako ita ce Peugeot 504, wadda kowa ya fi sani da Fijo. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, kuma masana'antar Peugeot da aka buɗe a Kaduna a 1975 ta yi ta haɗa ta har bayan shekara ta 2000. Waɗanda suka rage a hannun mutane duk sun manyanta, amma injinta mai silinda 4 a sarari yake, kunne da hannu sun isa a gano yawancin cututtukansa.

A gaban injin akwai bel na roba, watau fambel, wanda yake hawa kan wasu faya-fayan ƙarfe masu kwari a tsakiya, makanikai na ce musu fuli. Injin ne ke juya fulin ƙasa, shi kuma bel ya ɗauki ƙarfin ya kai wa famfon ruwa da fanka da altaneta mai cajin batir. A wata ƙirar bel ɗaya ne ke yin aikin duka, a wata kuma an raba aikin tsakanin bel biyu. Galibin ƙara mai tsini daga wannan unguwa take fitowa, ko dai bel ne ke zamewa a kan fuli, ko kuwa boris ɗin da ke cikin famfo ko altaneta ne ya bushe.

Tambayar farko ita ce: yaushe ƙarar ke zuwa? Idan da safe take tashi, musamman a sanyin hunturu, ta ɗauke bayan ɗan lokaci, to bel ne abin zargi. Dalili kuwa shi ne tayar da mota yakan zuƙe batir, sai altaneta ta yi nauyi wajen mayar masa da caji, bel mai sako-sako kuma ya kasa riƙe ta. Haka nan idan ƙarar na ƙaruwa sa'ad da aka kunna manyan fitilu, ko aka taka totur farat ɗaya, ko aka ratsa ruwa da damina. Amma ƙarar boris ba ta cika ɗaukewa ba. Tana bin gudun injin, tana kuma haɗe da wani gurnani kamar na niƙa.

Daga nan sai a kashe mota a duba bel ɗin da ido da hannu. A danna shi da babban yatsa a tsakiyar inda ya fi tsawo tsakanin fuli biyu. Idan ya lotsa kamar santimita 1 zuwa 1 da rabi, ɗaurinsa daidai ne. Idan ya wuce haka da yawa, ya saki. A duba gefensa kuma, domin irin wannan bel da gefensa yake kama fuli. In gefen ya yi sulɓi yana ƙyalli, ko cikinsa ya tsattsage, ko ya nutse har yana taɓa gindin kwarin fuli, to ya gama aiki, ɗauri ba zai raya shi ba. In kuwa an same shi jiƙe da baƙin mai, sai a nemo inda man ke zuba, in ba haka ba sabon da za a sa ma zai bi sawun tsohon.

Akwai gwaji na biyu mai sauƙi. Injin na aiki, ƙarar na tashi, sai a yayyafa wa bel ruwa kaɗan. Idan ƙarar ta canja, ko ta ɗauke na ɗan lokaci ko ta ƙaru, maganar tana tsakanin bel da fuli. Idan ko gezau ba ta yi ba, sai hankali ya koma kan boris. A nan makanike yakan ɗora bakin dogon sukudireba a jikin altaneta, ya kara kunnensa a ƙotar, sa'an nan ya koma kan famfon ruwa. Wanda ke ciwo zai ji shi raɗau. Amma fa duk mai wannan gwaji ya tuɓe babbar riga, ya naɗe hannun taguwa, domin fanka ba ta san mai mota ba.

Gwajin da ke raba gardama shi ne a cire bel ɗin, a tayar da injin yana da sanyi, na abin da bai kai minti 1 ba, tun da famfon ruwa ba ya juyawa. Idan ƙarar ta ɓace, laifin na bel ne ko na abin da yake juyawa. Sai a kashe, a juya kowane fuli da hannu, a girgiza shi. Wanda ya yi ƙaiƙayi ko ya yi lilo, boris ɗinsa ya mutu. Famfon ruwa ma yakan tona kansa da alamar yoyo a ƙarƙashinsa. Idan kuwa ƙarar na nan ba bel, sai a nemi wani wuri. Wadda ke zuwa sa'ad da aka taka kuloci kaɗai ta boris ɗin kuloci ce. Wadda ke biyo bayan murɗa makulli nan take ta sitata ce da ba ta saki da wuri ba. Mai kama da fito kuwa, wadda ke canjawa da an taɓa totur, sau da yawa iska ce ke shiga ta gindin kafireto.

Babban kuskuren da ake yi shi ne gaggawar rufe bakin ƙarar. Wani ya goga wa bel sabulu, wani ya zuba masa man birki. Ƙarar takan lafa, amma zamewar tana nan, mai kuma yana cin roba. Wani kuwa sai ya sa ƙarfe ya banƙare altaneta, ya ɗaure bel tamau kamar tsirkiyar baka. Wannan ɗauri yana jan famfo da altaneta gefe guda dare da rana, har boris ɗinsu ya lalace. Garin neman gira ke nan a rasa ido, an guji sayen bel an sayi famfo.

Sakaci ma yana da nasa farashi. Ranar da bel ya tsinke a hanya, jar fitilar batir za ta kama, in kuma shi ne mai juya famfo, ruwa zai daina zagayawa, allurar zafi ta hau. Kan injin Fijo na alminiyum ne, zafi mai yawa yana iya lanƙwasa shi ya ƙone gasket, aikin 'yan mintoci ya koma sauke kan injin. Masu Volkswagen Beetle, wadda aka haɗa a Legas daga 1975, sun fi kowa sanin wannan, domin injinta iska ke sanyaya shi, kuma bel ɗin da ke juya dinamo shi ne ke juya fanka. Jar fitila a wurinsu umurni ne na a tsaya nan take.

Saboda haka mai tsohuwar mota ya riƙa danna bel ɗinsa duk ranar da ya duba mai da ruwa. Idan ya sa sabo, ya sake duba ɗaurin bayan 'yan kwanaki, domin sabon bel yakan ɗan miƙe. Ya kuma ajiye wani daidai da lambar nasa a cikin but tare da safana, musamman in zai yi doguwar tafiya.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, filin zai duba dalilan da ke sa lagireto tafasa.