An sake ɗage GTA VI: abin da rikicin kamfanonin wasan bidiyo ke jawo wa masu shago a Omdurman

A ranar 6 ga Nuwamba 2025 kamfanin Rockstar Games ya sanar da cewa wasan Grand Theft Auto VI, wanda matasa suka fi sani da GTA VI, ba zai fito ba sai 19 ga Nuwamba 2026. Karo na biyu ke nan da ake ɗage shi. Da farko an ce zai fito a ƙarshen 2025, a watan Mayu aka mayar da shi 26 ga Mayun 2026, yanzu kuma an ƙara kusan wata shida a kai. Wanda ya gabace shi, GTA V, ya fito tun watan Satumba na 2013. Yaron da aka haifa a shekarar zai cika shekara 13 kafin ya ga sabon.

Mai karatu na iya tambaya, ina ruwan Sudan da wannan labari? Sanarwar ta zo ne kwana 11 bayan birnin El Fasher ya faɗa hannun dakarun RSF, a ƙasar da yaƙi ya raba mutane kusan miliyan 12 da gidajensu tun 15 ga Afrilu 2023. Babu mai hankalin da zai ɗora jinkirin wasa a sikeli ɗaya da wannan. Sai dai wasan bidiyo sana'a ce da ke ciyar da gidaje, kuma cikin mutum sama da miliyan ɗaya da Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta ce sun koma jihar Khartum akwai masu tunanin inda za su zuba ɗan jarin da ya rage musu.

Duk wanda ya san Fagge a Kano, ko Zariya a Maraɗi, ko Nima a Accra, ya san shagon gem: ɗaki guda, talabijin uku ko huɗu, benci, janareta a bakin ƙofa, yara na biyan kuɗi a kan kowane wasa. Haka abin yake a Omdurman da kudancin Khartum kafin yaƙi, har da unguwanni irin su Mayo inda Hausawa da sauran waɗanda ake kira Fallata suke da yawa. Lokacin da RSF ke riƙe da mafi yawan babban birnin an wawashe gidaje da shaguna, kayan lantarki kuma suka yi ta bayyana a kasuwannin kayan sata da mutane suka laƙaba wa suna kasuwannin Dagalo. Sojoji sun karɓe fadar shugaban ƙasa a ranar 21 ga Maris 2025, a watan Mayu suka ce sun kammala kwace jihar. Mai shagon da ya dawo, daga tushe zai fara.

Tambayar da ke gabansa ita ce wace na'ura zai saya. Rockstar ya sanar da GTA VI a kan PlayStation 5 da Xbox Series kaɗai. Ba zai yi aiki a PlayStation 4 ba, kuma ba a faɗi ranar da zai zo kwamfuta ba. A watan Agusta 2025 Sony ya ƙara farashin PlayStation 5 mai cin faifai a Amurka zuwa kusan dala 550, kafin a zo maganar kuɗin dako da ribar dillalan Dubai ko Alƙahira. Dala ɗaya kusan fam 600 ce kafin yaƙi, yanzu ta daɗe da wuce fam 2,500 a kasuwar bayan fage. Wasa guda na dala 70, wato kusan jaka 40 ta sefa, ya haura fam 175,000. Wanda ya ci bashi ko ya roƙi ɗan'uwansa da ke Jidda ya sayo masa sabuwar na'ura, da lissafin cewa GTA VI zai cika masa shago kafin babbar Sallar 2026, yanzu sai ya sake lissafi.

Me ke faruwa a cikin kamfanin?

Dalilin da Rockstar ya bayar shi ne yana bukatar ƙarin lokaci don ya gyara wasan ya kai yadda masu saye ke tsammani. Wannan hujja tana da ƙarfi. A Disamba 2020 kamfanin CD Projekt na Poland ya saki Cyberpunk 2077 bai nuna ba, wasan ya cika da kurakurai har Sony ya cire shi daga shagonsa na intanet ya mayar wa mutane kuɗinsu. Tun daga lokacin manyan kamfanoni suka fi tsoron fitar da ɗanyen aiki a kan jinkiri.

To amma mako guda kafin sanarwar, Rockstar ya kori ma'aikata sama da 30 a Birtaniya da Kanada. Ƙungiyar ƙwadago ta IWGB ta ce an kore su ne saboda suna shirin kafa ƙungiya a cikin kamfanin. Rockstar ya ce sun fitar da bayanan sirri a dandalin da bai dace ba. An yi zanga-zanga a Landan da kuma gaban ofishin Rockstar North da ke Edinburgh, inda ake mafi yawan aikin wasan, abokan aikinsu sama da 200 suka sa hannu a takardar neman a mayar da su, ƙungiyar kuma ta kai ƙara. Kamfanin da ake tuna shi da maganar aikin awa 100 a mako lokacin da ake kammala Red Dead Redemption 2 a 2018 ba zai yi mamaki ba idan mutane suka fi karkata ga labarin ma'aikatan. Ko korar ce ta jawo jinkirin ko ba ita ba, cire mutum 30 da suka san aikin a shekarar ƙarshe ba ya ƙara wa aiki sauri.

Masu bibiyar Kannywood za su gane tsarin nan take. Akwai mai shirya fim, akwai ɗan kasuwar da ya zuba kuɗi yake kuma riƙe da hanyar sayarwa, kamar yadda 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata suka riƙe harkar a zamanin kaset da faifai. A wasan bidiyo ma akwai masu ƙera wasa, akwai kamfanin da ke ɗaukar nauyi da fitarwa. Rockstar mallakin Take-Two Interactive ne na New York, wanda Strauss Zelnick ke shugabanta, kuma shi ke amsa wa masu hannun jari. Ranar fitowar wasa ta shafi kuɗin shigar da za a nuna musu a wace shekara, da ladan da za a biya wa, da kuma wanda zai ɗauki laifi idan abu ya ɓaci.

Inda wannan ya fito fili ƙarara shi ne rikicin Subnautica 2. A 2021 kamfanin Krafton na Koriya ta Kudu ya sayi ƙaramin kamfanin Unknown Worlds kan dala miliyan 500, da alkawarin ƙarin da zai kai dala miliyan 250 idan aka cimma wani adadin ciniki zuwa ƙarshen 2025. A watan Yuli 2025 Krafton ya sallami shugabannin kamfanin uku, Ted Gill da Charlie Cleveland da Max McGuire, ya kuma ɗage wasan zuwa 2026. Su ukun suka kai ƙara kotu a jihar Delaware ta Amurka, suna cewa wasan ya isa a fara sakinsa, an ɗage shi ne don kada a biya ƙarin. Krafton ya ce sun yi watsi da aikinsu, wasan kuma bai kai ba. Subnautica ba wasa ba ne da ya yi suna a unguwanninmu. Amma Krafton shi ne mai PUBG, kuma wani kaso na kuɗin da matashi ke kashewa a kan UC a PUBG Mobile, a Omdurman ne ko a Damagaram ko a Kusseri, aljihun kamfanin yake shiga. An shiga kotu a kan dukiyar da muke cikin masu tara ta, ba tare da an san da zamanmu ba.

Kwastoman da ba ya cikin lissafi

Wannan rashin sanin da zamanmu ba zargi ba ne kawai, a tsarin shagunan yake. Afirka ta Kudu ce kaɗai ƙasar Afirka da ke da shagon PlayStation a hukumance. Ɗan Sudan, kamar ɗan Nijar da ɗan Najeriya da ɗan Chadi, sai ya buɗe asusu da adireshin Saudiyya ko Daular Larabawa ko Amurka, sannan ya sayi katin kuɗi daga hannun dillali. Sudan ta ƙara da nata nauyin: takunkumin tattalin arziƙi na Amurka daga 1997 zuwa Oktoba 2017, da zama a jerin ƙasashe masu goyon bayan ta'addanci har Disamba 2020, sun sa bankunanta sun daɗe a wajen tsarin katunan biyan kuɗi na duniya. A cikin gida Bankak na Bankin Khartum ke tafiyar da ciniki, amma ba ya sayen wasa a shagon Sony.

A watan Mayu 2024 an ga abin da hakan ke nufi. Sony ya ce dole masu buga Helldivers 2 a kwamfuta su haɗa da asusun PlayStation, sai aka janye wasan daga shagon Steam a ƙasashe da yankuna sama da 170 da ba su da wannan asusu. Arrowhead, kamfanin Sweden da ya ƙera wasan, ya nuna a fili cewa ba shi ya yanke hukuncin ba. Sony ya janye sharaɗin cikin kwanaki, bayan masu saye a Turai da Amurka sun yi ca a kansa. Muryarsu ce aka ji. Wanda ke amfani da adireshin aro ba ya iya ɗaga murya, don idan ya yi ƙorafi asusunsa ne a hatsari.

Shi ya sa biyan kuɗin wasa tun kafin ya fito ba dabara ba ce ga mai shago a Omdurman. Baturen da ya biya aka ɗage, zai danna maɓalli kuɗinsa su dawo katinsa. Wanda ya bi ta hannun dillali, da asusun wata ƙasa, da fam ɗin da darajarsa ke zubewa kowane wata, bai da wannan gata. Ga kuma matsalar wuta da intanet. A Fabrairu 2024 layukan Zain da MTN da Sudani sun ɗauke a faɗin ƙasar, mutane suka koma biyan kuɗin Starlink na awa-awa don su karɓi saƙon kuɗi. A 2025 jirage marasa matuƙa sun kai hari kan tashar Merowe da tashoshin rarraba wuta a Omdurman, birnin ya yi kwanaki cikin duhu. Sabbin wasanni na zuwa da sabuntawa mai nauyin gigabait da dama tun ranar farko. Tsohuwar PlayStation 4 da faifan da ba ya neman intanet, a kan sola ko ƙaramin janareta, ta fi dacewa da halin da ake ciki, kuma ita ce za ta fi saurin mayar da uwar kuɗi.

Akwai jinkirin da 'yan Sudan za su fahimta ba sai an yi musu bayani ba. Kamfanin GSC Game World na birnin Kyiv yana shirin sakin S.T.A.L.K.E.R. 2 a 2022 Rasha ta mamaye Ukraine. Wasu ma'aikatan suka koma Prague da iyalansu, wasu suka zauna suna aiki ana ɗauke wuta, wasu suka shiga soja. Wasan bai fito ba sai 20 ga Nuwamba 2024, kuma cikin kwana biyu an sayi kwafi miliyan ɗaya. Masu saye sun yi wa kamfanin uzurin da ba za su yi wa Take-Two ba, wanda ya sayar da GTA V sama da kwafi miliyan 200.

A ƙarshe dai ƙwallo ce ke riƙe shagon gem, ba GTA ba, kuma ita ma ta sha nata rikicin. Bayan kusan shekara 30 tare, kamfanin EA da hukumar FIFA sun rabu a kan kuɗin amfani da suna, FIFA 23 ya zama na ƙarshe, daga 2023 aka koma EA Sports FC, ko da yake yara har gobe FIFA suke cewa. A ƙarshen Satumba 2025 aka sanar da yarjejeniyar sayen EA kan dala biliyan 55, da asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya a kan gaba, kuma kusan dala biliyan 20 daga ciki bashi ne da za a ɗora wa kamfanin. Bashi irin wannan daga aljihun masu wasa ake biyansa, ta farashi ko ta sayen 'yan wasa a cikin gem. Babu gasar Sudan a wasan, babu ta Najeriya ko Nijar. Al-Hilal da Al-Merrikh, manyan kulob biyu na Omdurman da yaƙi ya tilasta wa buga kakar 2024/2025 a gasar Muritaniya, sai a tsofaffin PES ake ganinsu, inda masu gwanintar kwamfuta suka saka rigunansu da sunayen 'yan wasansu da hannu.