Hancin da ke jin ƙwaya ɗaya, da shaidar da kotu za ta karɓa

A watan Fabrairun 2013 wata yarinya 'yar shekara tara ta rasu a Landan, bayan cutar asma ta kai ta asibiti kusan sau talatin cikin shekara uku. Gidansu yana unguwar Lewisham, dab da babban titin South Circular mai cunkoson motoci. Sai a Disamban 2020 mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke hukunci cewa gurɓatacciyar iska na cikin abubuwan da suka yi ajalinta, kuma shi ne karo na farko da aka rubuta hakan a takardar mutuwar wani a Birtaniya. Abin da ya ba hukuncin ƙafar tsayawa shi ne alƙaluman tashar awon iska da ke kusa da unguwar, waɗanda suka nuna iskar nitrojin dayoksaid, wato NO2, ta wuce haddin doka.

Na fara da wannan labari ne domin shi ne ma'aunin da nake ɗora duk wani albishir da ke fitowa daga ɗakunan bincike game da sababbin na'urorin sansano wannan iska.

NO2 tana fitowa ne duk inda aka ƙona mai da zafi mai tsanani: salansar mota, musamman mai shan dizal, janareta, har da murhun gas a kicin da ba taga. Tana ƙaiƙayar hanyoyin numfashi, tana tayar da asma. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage matsakaicin adadin da take ganin za a iya jurewa a shekara daga maikirogiram 40 a kowace kyubik mita ta iska zuwa 10. Adadi ne da hancin ɗan Adam ba ya ji, ido kuma ba ya gani. Na'urar da hukumomi suka amince da ita wajen awonsa tana da tsada, tana buƙatar wuta da ɗaki mai sanyi da ƙwararre mai kula da ita. Shi ya sa ko manyan birane ba su da tashoshin awo sai ɗaiɗaiku, alhali NO2 tana iya bambanta sosai tsakanin bakin titi da lungun da ke bayansa.

Nan ne kayan nano suka shigo. Nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Kaurin gashin kai ya kai dubun dubatarsu. Dabarar kuwa duk mai girki ya santa: dunƙulen kanwa yakan daɗe bai narke ba, garinta kuwa nan take, saboda kowace ƙwaya tana taɓa ruwa. Haka nan idan aka sirance abu har kusan dukkansa ya zama fuska, kowace ƙwayar iska da ta sauka a kai sai ta bar alama. NO2 mai kwaɗayin ilektoron ce. Da ta manne sai ta fizgi nata, yadda lantarki ke ratsa abin ya sauya, na'ura kuma ta mai da sauyin lamba.

Tun shekarun 1960 Naoyoshi Taguchi na Japan ya yi amfani da oksaid ɗin kuza wajen sansano gas, amma irin wannan sai an gasa shi zuwa digiri ɗaruruwa yake aiki. A 2000 masu bincike a Jami'ar Stanford suka nuna siraran bututun kabon suna jin NO2 ba tare da an dumama su ba. A 2007 kuma tawagar Andre Geim da Konstantin Novoselov a Manchester, waɗanda suka ɓanɓaro girafin da salatif daga irin baƙin da ke cikin fensir, suka ba da rahoton cewa wannan shimfiɗa mai kaurin zarra ɗaya tana iya nuna saukar ƙwayar NO2 guda ɗaya tak. Abin ban mamaki ne, ba na musu.

Sai dai shekaru sun ja tun daga lokacin, kuma gasar da ake yi har yau mafi yawanta ta wa ya fi wani kaifin hanci ce. A ganina an daɗe da wuce wannan matsala. Wadda ta rage ita ce ta gaskiya da juriya. Abin da ke jin komai yana jin har abin da ba a tambaye shi ba. Iskar ozon ma mai fizgar ilektoron ce, takan rikita lissafi. Laima tana zama a kan fuskar, ta sauya karatun. NO2 da ta manne ba ta son saki, sai an dumama ko an haska wani haske mai ƙarfi kafin na'urar ta koma daidai. Bayan watanni kuma sifilinta yakan gusa a hankali, ta ci gaba da ba da lamba cikin natsuwa alhali ta daina faɗin gaskiya.

Tazarar da ke tsakanin ɗakin gwaji da titi ba ƙarama ba ce, kuma badaƙalar Volkswagen ta 2015 ta koyar da hakan ta wata fuska. Motocin dizal ɗin suna cin jarrabawa a ɗakin gwaji. Sai da masu bincike na Jami'ar West Virginia suka ɗaura musu na'urar awo suka hau titi, sannan asiri ya tonu, aka gano motoci kusan miliyan 11 ne abin ya shafa.

Mu da muke kwana da ƙugin janareta a bayan taga muna da ruwa da tsaki a wannan magana. Na'ura mai araha da za a liƙa a bangon makarantar firamare ko tashar mota za ta nuna mana abin da 'ya'yanmu ke shaƙa. Amma na'urar da aka daidaita a Turai ba ta san ƙurar hunturu ba, ba ta san zafin Afrilu ba, ba ta san laimar Agusta ba. Idan wata hukuma ko ƙungiya za ta saye su, tambayar farko kada ta zama ƙanƙantar abin da suke iya ji. A tambaya: an jera su kusa da amintacciyar tashar awo, a irin yanayinmu, daga rani zuwa damina? Wa zai riƙa sake daidaita su, da kuɗin wa?

Amsar tana nufin dole a fara da sayen babbar na'urar mai tsada ko da guda ɗaya ce a birni, a samar mata wuta da ma'aikaci, sannan a baza ƙananan a kewayenta. Lauyan kamfanin da ake tuhuma da gurɓata unguwa ba zai ɓata lokaci yana musun cewa yaro yana tari ba. Zai nemi takardar ranar da aka yi wa na'urar awon ƙarshe.