Wanda Bai Karanta Gurguzu Ba, Da Wace Hujja Zai Rushe Shi?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan wata shi ne wata ƙura da ta tashi a unguwarmu. Wasu matasa goma sha biyu daga cikin 'yan'uwa, galibinsu ɗaliban jami'a, sun shirya zaman karatu na mako-mako domin su bi littattafan gurguzu daga tushe, waɗanda ke nesa kuma suna shiga zaman ta wayar hannu. Ba a yi zama uku ba sai wani dattijo da muke girmamawa ya miƙe bayan sallar Isha'i ya ce a rufe zaman, domin a cewarsa karanta littafin kafiri matakin farko ne na zama kafiri. Da aka tambaye shi wane littafi ya karanta daga cikinsu, sai ya ce Allah Ya tsare shi da taɓa su.

Ina faɗa cikin ladabi cewa wannan hukunci kuskure ne, kuma ya saɓa wa hanyar magabatanmu. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya ba da labari da kansa cewa ya shafe kusan shekara biyu yana karanta littattafan falsafa a Bagadaza, alhali yana koyarwa a makarantar Nizamiyya. Sai da ya rubuta Maƙasidul Falasifa, inda ya bayyana ra'ayinsu kamar yadda yake, sannan ya rubuta Tahafutul Falasifa ya rushe shi. Shaihul Islam Ibnu Taimiyya bai yi wa masu manɗiƙ raddi ba sai da ya san manɗiƙin ciki da waje. To, mu da ba mu kai ƙurar takalminsu ba, wa ya ba mu rangwamen yanke hukunci a kan abin da ba mu gani ba?

Mu tambayi kanmu kuma: me ya kai matasan nan ga waɗannan littattafai? Yunwa ce da rashin aikin yi. Sun ga masaƙun Kakuri a Kaduna a rufe, sun ga masana'antun Bompai da Sharaɗa a Kano da yawansu sun zama kufai. Iyayensu sun ba su labarin tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, su kuma sun ɗanɗana janye tallafin man fetur na 2023. Suna neman wanda zai yi musu bayanin dalilin da ya sa mai aiki ke kwana da yunwa, mai jari ke ƙara ƙiba. Idan muka rufe musu ƙofa, tambayar ba za ta mutu ba. Za su je su karanta a ɓoye, a gaban wanda ba ya sallah.

Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki jangali da kuɗin gari da gaisuwar sarakai a Kitabul Farƙ. An kafa NEPU a Kano a 1950 a kan rigimar talakawa da masu mulki, Malam Aminu Kano kuma malamin tafsiri ne da bai ɓoye karatunsa na tunanin gurguzu ba. A 1979 gwamnatocin PRP a Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, malamai irin su marigayi Dokta Yusufu Bala Usman sun yaye ɗalibai masu yawa a kan wannan tunani. Wanda yake zaton zai kare matasa daga gurguzu ta hanyar ɓoye littafi, ya makara da shekara saba'in.

Saboda haka abin da ya kamata mu tattauna shi ne yadda za a tsara karatun. Ga shawarata ga masu zaman.

Na farko, a karanta asali, a bar taƙaitawar masu yabo da ta masu zagi. A fara da Bayanin Manufofin Kwaminisanci wanda Kal Maks da abokinsa Engels suka fitar a 1848, domin gajere ne, zama uku ya isa. Daga nan a shiga juzu'i na farko na Das Kapital, wato Jari, wanda ya fito a 1867. Babobin farko suna da tsauri, a nan ne yawancin masu karatu ke watsewa, don haka kada a wuce shafi ashirin a mako. Duk wanda bai karanta kason makon ba, ya saurara kawai, kada ya yi magana. Haka muka gada a karatun zaure: littafi ɗaya, layi bayan layi, ba a tsallake babi don ya yi wuya.

Na biyu, a riƙe adalci. Kafin kowa ya yi raddi, sai ya faɗi ra'ayin marubucin da kyau, har a tabbatar da ya fahimta. Ginshiƙin littafin Jari shi ne wannan: ma'aikaci yana samar da ƙimar ladansa na yini cikin wani yanki na yinin, misali awa huɗu, amma ana sa shi aikin awa goma, sai rarar awa shida ta tafi aljihun mai jari. Maks ya cika babin tsawon ranar aiki da rahotannin jami'an binciken masana'antu na Ingila, inda ake sa ƙananan yara aiki dare da rana. Wannan zalunci ya faru, kuma musun sa don Maks ne ya faɗa rashin tsoron Allah ne.

Na uku, a ajiye namu littattafan kusa da nasu. Ibnu Khaldun ya yi bayani a Muƙaddimarsa cewa abin da ake samu na arziki ƙimar aikin ɗan Adam ne, kusan shekara ɗari biyar kafin littafin Jari. Ibnu Taimiyya ya tattauna ƙayyade farashi da ladan da ya dace da aiki a littafin Hisba. Sayyid Ƙuɗub ya fitar da littafinsa kan adalcin zamantakewa a Musulunci a 1949, Shaikh Musɗafa Siba'i na Sham ya fitar da Ishtirakiyyatul Islam a 1959, malamai kuma suka yi ta muhawara a kan ko sunan ya dace. A karanta muhawarar ita ma. Lalle ne kuma a samu malami mai sanin fiƙihun ciniki da ijara da zakka ya zauna tare da su, ba don ya toshe musu baki ba.

Na huɗu, kada a tsaya a kan takarda, a karanta tarihi. A nan nake juyowa ga matasan da kansu, domin na ji wasunsu sun fara kiran juna kwamared tun ba su gama babi na farko ba. Ku sani cewa Maks ya gina tunaninsa a kan maddiyya, wato cewa hanyar samar da abinci da kaya ita ce tushe, addini da shari'a da ɗabi'a duk rassa ne da suka tsiro daga gare ta. Musulmi ba zai karɓi wannan ba, domin wahayi ba ɗan masana'anta ba ne. Ya nemi a kawar da mallakar ɗaiɗaikun mutane ga gonaki da masana'antu, alhali shari'armu ta tabbatar da mallaka, ta ɗora mata zakka da gado, ta haramta riba da ɓoye abinci. Ku dubi kuma abin da aka aikata da sunan wannan aƙida. A Tarayyar Sobiyet, tilasta wa manoma shiga gonakin gwamnati ya jawo yunwar 1932 zuwa 1933 wadda ta hallaka miliyoyin mutane a Yukren da Kazakistan. A 1967 gwamnatin Albaniya ta rufe dukkan masallatai da coci-coci na ƙasar. Sojojin Sobiyet sun shiga Afganistan a 1979, ba su fita ba sai 1989, daular kanta ta wargaje a 1991. Zaman karatun da ya karanta kukan ma'aikatan Ingila ya tsallake kukan manoman Kazakistan ya zama majalisar farfaganda.

Ga dattijonmu kuma ina cewa: Baba, tsoronka a kan imanin yaran nan abin yabo ne, amma imanin da shafi ashirin a mako zai rushe yana buƙatar gyara tun daga tushe, gyaransa kuwa ilimi ne. Tun yaushe rabonmu da jin huɗuba a kan maigidan da ya riƙe albashin direbansa wata uku, ko ɗan kwangilar da ya cinye kuɗin leburori? Shirunmu a kan waɗannan shi ne ya buɗe wa gurguzu kasuwa.

Ni dai na karɓi gayyatar matasan, zan zauna da su daren kowace Alhamis da littafin Jari a hannun dama da littafin Hisba a hannun hagu. Ina kira ga malamanmu masu ilimin mu'amala su zo mu zauna tare, dattijonmu ma akwai tabarmarsa. Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata.