Sabuwar Hukumar Auduga: A Ba Manomi Kujerarsa

A cikin watan Afrilu na 2025 Majalisar Tattalin Arzikin Ƙasa, wadda gwamnoni ke zama a cikinta, Mataimakin Shugaban Ƙasa kuma ke shugabanta, ta yarda a kafa wata hukuma da za ta lura da sha'anin auduga da masaƙu da ɗinkin tufafi. Mun yi murna da wannan shawara. Amma tun da yake ba yau aka fara kafa wa auduga hukuma a ƙasar nan ba, ya kamata mu waiwaya mu dubi na baya, mu ga inda suka yi daidai da inda suka yi tuntuɓe. Babu kuwa inda ya fi cancanta a tsaya a yi wannan waiwaye kamar ƙasar Funtua da Malumfashi, gama a nan aka ɗanɗana zaƙin abin, a nan kuma aka sha ɗacinsa.

Dattawa sun san yadda auduga ta gina waɗannan garuruwa. Kamfanin BCGA ya kafa injunan gurza a Funtua da Malumfashi, aka buɗe gonar iri a Daudawa, jirgin ƙasa kuma ya taso daga Zariya ya ratsa Funtua da Gusau, har ya kai Ƙauran Namoda a 1929. A 1949 aka kafa hukumar cinikin auduga ta Nijeriya duka. A 1954 aikinta ya koma hannun Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa. A 1977 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Auduga ta Nijeriya, ta ajiye babban ofishinta a Funtua. A 1986 aka rushe ta tare da sauran hukumomin amfanin gona.

Kada mu yi wa waɗannan hukumomi butulci. A zamaninsu manomi yakan san farashi tun kafin a buɗe kasuwa. Akan raba masa angurya iri ɗaya, wadda masanan Samaru suka gwada suka yarda da ita. In ya kai kayansa fuloti, malami ya duba, ya ba shi lamba ɗaya ko lamba biyu, a ɗora bisa sikeli, a biya shi. In an gama tsinka, doka ce a tumɓuke itacen a ƙone, don kada tsutsa ta sami mafaka har wata damina. Da kuɗin Hukumar Ciniki kuma, a haɗe da na hukumar raya Jihar Arewa da na wani kamfanin Ingila, aka gina masaƙar Kaduna ta farko a 1957.

To, ina aka yi tuntuɓe? Dalilin da aka bayar tun farko na sayen auduga ƙasa da farashin duniya shi ne, wai a tara abin da ya ragu, in shekara ta ɓaci a tallafi manomi da shi. Watau hukuma ita ce rumbun tsimin manoma. Amma mai hatsin ba shi ke riƙe da mabuɗin ba. Gwamnati ke naɗa 'yan hukuma, gare ta suke kai bayani, ita kuma ke yanke inda kuɗi za su tafi. Manomin Bakori ko na Kafur bai taɓa jin an tara shi an karanta masa nawa ya shiga rumbun nan, nawa ya fita ba. Sannu a hankali ajiyar ta rikiɗe ta zama haraji. A Jihar Yamma ma abin ya fi haka muni, gama binciken Mai Shari'a Coker na 1962 ya tono yadda kuɗin manoman koko suka zurare zuwa wani kamfani mai alaka da jam'iyyar da ke mulki.

Saboda haka sa'ad da zamani ya juya, sai ya tarad da ƙasar auduga ba shiri. Fari ya auko a 1973. Kuɗin man fetur suka tsadar da ƙwadago, samari suka nufi birane. Shirin raya aikin gona na Funtua, wanda aka soma a 1975 da taimakon Bankin Duniya, ya kawo takin zamani da sabon irin masara da hanyoyin karkara, manomi ya auna ya ga masara ta fi auduga riba, ga ta kuma abinci, sai ya karkata gare ta. Ba laifinsa ba ne. Hukumar da ya kamata ta hango wannan tun daga nesa, ta gyara farashi, ta tsara yadda auduga da masara za su riƙa karɓa-karɓa a gona ɗaya, hankalinta na kan abin da zai shiga baitulmali.

Da aka rushe ta kuwa, ba a bar kome a gurbinta ba. Iri ya gauraye, duba lamba ya lalace, wasu suka shiga zuba wa auduga ruwa da yashi don ta yi nauyi, sunan audugarmu ya zube a idon masu saye. Masaƙun Kaduna suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, har United Nigerian Textiles ta rufe a 2007. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Maƙwabtanmu sun bi wata hanya. A Burkina Faso, a 1999, ƙungiyar manoman auduga ta karɓi kashi 30 cikin ɗari na kamfanin SOFITEX, wakilanta suka sami kujeru a inda ake yanke shawara. Su ma suna da nasu rigingimu, amma manominsu yana da bakin magana ran da ake tsai da farashi.

Ga abin da muke roƙo ga masu tsara sabuwar hukuma. Da farko, manoma da masu injin gurza su zaɓi wakilansu da kansu, ta hannun ƙungiyoyinsu, kujerunsu kuma su yi yawan da ba za a zartad da magana ba sai da yardarsu. Kujerar hukuma amana ce, kada a mai da ita tukwicin siyasa.

Na biyu, kowace shekara masu binciken kuɗi waɗanda ba a ƙarƙashin hukumar suke ba su duba littattafanta, a buga sakamakon da Hausa, a karanta a rediyo, a manna a kasuwannin Funtua da Malumfashi da Dandume. Kuɗin tsimi kuma a keɓe su da doka, kada a taɓa sai don manomi.

Na uku, a wajabta wa hukumar ta riƙa zama takanas don duban gaba, ba don cinikin bana kaɗai ba. Abubuwan dubawa suna da yawa. Damina ta canja hali. Zaren roba ya mamaye kasuwar tufafi ta duniya. An yarda da noman sabuwar audugar Bt mai jure wa tsutsa tun 2018, amma irinta na saye ne kowace shekara, sai an san yadda talaka zai same shi. An buɗe tashar tsandauri a Funtua a 2024, wajibi ne a tanadi abin da za a loda mata, ko zare, ko man angurya, ko waken soya. Ga kuma 'yan bindiga da suka hana mutanen Faskari da Sabuwa sakewa a gonakinsu. Hukumar da ta yi lissafi ba da wannan ba, ta yi a kan ruwa.

Wani zai ce yawan baki yana jinkirta aiki, manomi kuma bai san lissafin kasuwar duniya ba. Mun ji. Amma mutumin da ya gane tun a shekarun 1970 cewa masara ta fi masa, alhali manyan ofis ba su farga ba, ba a ce bai iya lissafi ba. Jinkirin wata guda wajen shawara kuwa ya fi sauƙi bisa ga hasarar shekara arba'in.

Muna kira ga Gwamnatin Jihar Katsina da wakilanmu na majalisun tarayya su tsaya a kan wannan magana tun ana shata dokokin hukumar, gama tun ran gini ran zane. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya ba shugabanni ikon riƙe amana, amin.